Bangon Littafin Malam Uwaisu

Raina aikin hannun na gaba mugun hali ne, shi ya ci Tijjani.

Mahaifinsa, Malam Uwaisu na Hotoro, ya shekara tara yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Da ya gama sai ya yi wa bangon littafin zayyana da kansa, da baƙar tawada, da jar ƙasa mai duhu da yake niƙawa a kan dutse, da ɗan rawaya a kusurwa. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya kai takarda bakin hanci yake gani. Burinsa ya ga an buga littafin kafin ganin ya tafi.

Tijjani yana aiki a wata maɗaba'a a Bompai, inda aka fi buga takardar naɗe alewa. Shi aka damƙa wa aikin. Da Lawan mai haɗa tawada ya ga zayyanar sai ya yi dariya, ya ce kamar daga tukunyar miyar kuka aka tsamo ta, wa zai ɗaga wannan a kasuwa. Tijjani ya ji kunyar aikin ubansa. Ko ya kwafa a wata takarda, a'a, kan ta ainihin ya bi da ja mai ƙyalli da kore shar irin na alewa. Aka buga, ya kai gida yana murna.

Malam ya fito ƙofar zaure inda haske yake, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Na ga zai fi jan ido."

"To. Miƙo mini tawa."

Tijjani ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Malam bai yi faɗa ba, ya ce a kawo masa dutsensa. Kwana huɗu yana ƙoƙarin sake wata, amma ya daina bambance ja da baƙi. Rana ta biyar ya ce a ɗauke kayan. Kafin kaka ya makance, bayan shekara ya rasu.

Ga abin da Tijjani ya rasa: zayyanar ƙarshe ta hannun ubansa, wadda babu kwafinta ko ɗaya, da sanin haɗin jan nan, don bai taɓa zama ya koya ba. Littafin kuma yana tule a ɗakinsa, ya kasa kai shi kasuwa, ƙonawa kuwa ba dama tunda da sunan Allah a ciki.