Taswirar Ruwan Gonar Pfitzner

Shekara talatin da ɗaya Noelene Pfitzner ta yi tana kiwon tumaki a gonar mahaifinta, can cikin busasshiyar karkarar Mallee. Ko aure ba ta yi ba. Tsohon yakan dafa kafaɗarta ya ce, "Ke da gonar nan mutu ka raba." Ita kuwa baiwar Allah ta riƙe maganar baki hannu bibbiyu.

Sai da aka binne shi ta ji ashe gonar ba ta cikin gado. Tun tana yarinya ya sa gonar cikin amanar iyali, wato dukiyar da mutum ɗaya ke riƙewa a madadin dangi, ya rubuta cewa bayan ransa riƙon ya koma hannun ƙanenta Lyle, dillalin motoci a birnin Adelaide. Lyle fa, da bai san tunkiya mai ciki da mai kumburi ba! Kafin wata uku ya samo mai saye, har da tumakin da gidan da take kwana.

Ta garzaya wurin lauya. Lauyar ta karanta takardar amanar sau biyu.

"Sunanki na cikin masu cin moriya. Amma irin wannan amana, mai riƙo ke zaɓar wanda zai ba."

"To ni mene ne nawa?"

"Haƙƙinki ki ga takardar, ga ta kin gani. Sannan wajibi ne ya duba lamarinki kafin ya yanke hukunci. Alkawarin nan na mahaifinki, akwai wanda ya ji?"

Karnuka ne kaɗai suka ji.

Ranar Asabar, ana tsakiyar zafin Janairu, lokacin bazarar ƙasar, Lyle ya iso ya zauna a kujerar tsohon.

"Yaya, lauyana ya ce in duba lamarinki a gabanki, kada a ce ban yi ba."

"Duba mana, Auta. Ni na wanke maka kashi, na san iyakar ganinka."

Ya zaro takarda, ya karanta sunanta a bayyane. Ya zuba wa agogo ido, minti ɗaya cur, ya rubuta "an duba", ya sa hannu.

"Saura abu guda," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Mai sayen na son taswirar bututun ruwa. Mun nema ba mu samu ba."

Ina za su samu? Ita da tsohon suka binne bututun da hannunsu, a kanta kawai taswirar take rubuce. In ta kama bakinta, ranar da wani bututu ya fashe sai sun kwana uku suna tono. A zafin nan kuwa tunkiya ba ta kwana biyu babu ruwa.

Ta leƙa taga. Ga tumakin can cunkushe a bakin kwami, iyaye da 'ya'yan da ta karɓi haihuwarsu.

Ta fizge biron daga hannunsa, ta juya bayan takardar da ya sa wa hannu, ta fara zana taswirar daga rijiyar burtsatse. Hawaye na ɗiga, amma ko layi ɗaya ba ta karkatar ba.