Aski ta Ƙofar Baya

Da annobar ta yi tsanani, ƙaramin asibitin unguwar ya sauya kama. An kwashe bencinan ɗakin jira, aka zana da'ira da farin fenti a tsakar gida, kowa ya tsaya cikin tasa. An fasa taga a bangon ɗakin allura, ta nan ake zura tsinken gwaji a hancin mutum. Tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga kuwa aka ce su zauna a gida, za a riƙa kai musu magani. Aikin ya faɗa kan nas ɗin da kowa ke kira Sista, ita da direban motar asibiti.

Mijin yayarta mai aski ne. Tun farkon abin ya hana ta shiga gidansa, wai tana yawo da cuta a jikin riga. Ranar da ta tsaya daga waje ta gaida yara, tana juyawa ya watsa ruwan omo inda ta taka. Ba a jima ba sai ga shi a bakin tagar gwaji, ido ja, yana rawar sanyi. Gwaji ya nuna ya kamu. Likita ya ce ya rufe shago ya killace kansa, ya amsa da to har da rantsuwa.

Wata safiya Sista ta kai magani gidan wani tsohon tela mai ciwon suga. Matarsa ta ce ya fita aski.

"Aski kuma, Mama? A ina?"

"Wajen mijin yayarki mana. Ai ta baya ake shiga yanzu."

Gaban shagon da kwaɗo. Ta zaga ta lungu, ta tarar da takalma a ƙofar baya, ta tura. Ɗakin ba iska, sai warin gumi da man aski, ga mutane a matse kan benci. Tsohon na kan kujera, ya rufe ido, kumfa a haɓa. Mai askin ba takunkumi. Tana tsaye tari ya sarƙe shi, ya jawo tawul ɗin kafaɗarsa ya tofa majina a ciki, ya ninke, ya shiga goge wa tsohon baki da shi.

Sista ta matsa kusa da kujerar.

"Yaya, ajiye tawul ɗin nan."

"A'a, likitar gida! Kin zo mu gyara miki gira ne?" Na kan benci suka yi dariya.

"Ka faɗa musu abin da gwaji ya nuna?"

"Mura ce. Ku ne kuke mai da mura dodo don a ce kuna aiki."

"Baba, tashi mu tafi," ta ce da tsohon. "Mutumin nan ya kamu, kuma ya sani."

Dariya ta ɗauke. Kan ka ce me benci ya zama wayam, wani har ya bar takalmi ɗaya. Tsohon ya miƙe da rabin gemu, yana goge leɓe da hannun riga, yana tofar da yawu.

"Ke da nake ganin ƙanwata ce!" mai askin ya daka mata tsawa. "Yaran yayarki iska za su ci?"

Ta juya ta fita. A mota ta yi ta zuba wa hannunta sinadari har fata ta fara zafi, alhali ƙofa kawai ta taɓa a shagon. Ta kira likita ta faɗa masa. Kafin rana ta yi tsaka ma'aikatan lafiya sun garƙame ƙofar bayan.

Bayan 'yan kwanaki tsohon ya kamu, ya kwanta a ɗakin ajiyar kayan asibiti da aka mayar ɗakin jinya, da robar iska a hanci. Ya tashi, amma ko zuwa bakin titi sai ya huta a hanya. Mai askin kuwa ya warware garau, ya bi unguwa yana cewa baƙin ciki ne ya sa Sista ta tona masa asiri. Har aka samu masu gyaɗa masa kai, ciki da waɗanda suka tsere daga kan bencin.

Yayarta ta daina ɗaga wayarta. Da ƙaramar 'yarsu ta fara zazzaɓi, maƙwabciya aka turo ta karɓi magani. Sista ta ce ba ta ba da magani da ka, a kawo yarinyar a duba ta. Aka kawo ta da rana, uwar ta tsaya can bakin ƙofa tana kallon titi.