Kanwa a Duron Tana

Shekara shida Malam Uzairu yana kiwon tana a rabin duro uku a bayan gidansa da ke Azare. Mutane na kiwon tumaki, shi tsutsa ce ta yi masa. Yana zuba musu ɓawon dankali da kashin shanu, su mayar masa da baƙin taki mai laushi, har albasarsa ta gagari ta kowa a fadama.

Da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki ya ɗauke maganarsa, kiwon ya faɗo kan matarsa Meram, wadda ko kallon halittun ba ta so. Amma kullum da hantsi takan jawo kujerarsa bakin duro, ta tona masa ya gani. Nan kaɗai fuskarsa take sakewa.

Azumi ya kama. Maƙwabta, don tausayi, suka dinga aiko da ragowar tsamiyar kunu da ɓawon lemo, ita kuwa tana ta antaya su a duron. Kafin a shiga goma ta wuya wari ya tashi, tanar suka rame, suna bin jikin duro suna neman hanyar gudu. Hankalin Meram ya tashi ƙwarai.

"Tsami ne ya yi musu yawa," in ji maƙwabciyarta Ya Gana. "In yakuwa ta yi tsami a miya, me kike sa mata?"

Kanwa mana. Wace mace ce ba ta san wannan ba? Meram ta jiƙa dunƙule guda a bokiti. Malam na hango ruwan, sai ya fara gurnani, yana dukan kujera da hannunsa mai lafiya.

"Yi haƙuri, Malam, yanzu zan gyara maka su."

Ta ɗauka gaggawa yake yi mata. Ta bi duro ukun ta kwarara.

Washegari ko ɗaya ba ta motsi. Wani malamin gona da ya zo dubiya ya leƙa, ya yi salati. Ya ce ɗan garin ɓawon ƙwai da busasshen ganye sun isa su kashe tsamin, kanwa ƙona musu fata take yi. Garin neman gira an rasa ido.

Meram ta durƙusa gaban mijinta tana kuka.

"Ashe hana ni kake yi. Malam, ka yafe min."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan wani sauti ya fito. Ta kasa kunne iyakar iyawarta, amma ba ta gane ko ya yafe ba.