Ƙarar da Iya Ke So a Mayar

"Mayar mini da ƙarar," in ji Iya Mai Shago, ta dire rediyonta a kan teburinsa har ƙananan kusoshi suka watse.

Mai Gyara ya ɗago tabarau ya dube ta. Tun yana saurayi ake kawo masa rediyo don ya cire ƙara, ga shi har furfura ta fito masa, bai taɓa ganin wanda ya zo neman a mayar ba.

"Iya, wace ƙara kuma?"

"Wadda ka sace jiya ina kasuwa. Kada ka yi mini fuskar salihai, an ga shigarka."

Ya shiga kam. Mijinta ne ya aika a kira shi, Baba Direba, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, wanda ciwon ƙirji ya kwantar har sai da 'ya'yansa suka sayo masa injin iskar numfashi. Tsohon ya janye robar hancinsa ya ce, "Baiwar Allahn nan ta gaji da ni. Ko waƙa ba ta ji da daɗi a shago, sai zzz kamar ƙudan zuma. Nemo mata abin da ke yi."

Sai Mai Gyara ya ɗauki ƙaramin rediyo ya bi gidan lungu-lungu. Ya kashe fanka, ƙara na nan. Ya zare cajar waya, tana nan. Da ya matso kusa da injin sai rediyon ya haukace. Ya ciro wani baƙin zobe daga tsohuwar wayar kwamfuta, ya naɗa wayar injin a cikinsa, ƙara ta kwanta. Ya fito yana jin kansa kamar likita.

"Kai ba ka san komai ba," in ji Iya. "Shagona titi yake kallo, ba ƙwan fitila da rana. Muddin ina jin zzz ɗin nan, na san akwai wuta, inji na aiki, Malam na numfashi. In ta yi shiru sai in ruga in tada janareta. Yau aka ɗauke wuta ina zaune ina kaɗa kai ga waƙa. Da na shiga, leɓɓansa sun canja kala."

Ta sunkuci rediyonta ta juya. Mai Gyara ya bar shagonsa a buɗe ya bi ta.

Wuta ta dawo, injin na gurnani a gefen gado. Baba Direba na jingine da matasai, ya faɗa sosai tsakanin jiya da yau. Mai Gyara ya durƙusa zai warware wayar.

"Kada ka taɓa," in ji tsohon.

"Cire," in ji Iya.

"Bar ta ta ji waƙarta."

"Waƙar banza! Wa ya ce maka na gaji?"

"Ƙafafunki ne suka gaya mini. Kin zama kamar ƙaramar motar haya, shiga, fita."

"To direban ne ya lalace, ya zan yi?"

Tsohon ya fara dariya, tari ya ƙwace ta. Mai Gyara ya kasa gaba ya kasa baya. In ya cire, ya saɓa wa mara lafiya a kan gadonsa. In ya bari, ya bar Iya ba kunne. Shi da ya saba abu ko ya gyaru ko bai gyaru ba, yau ya rasa wanne ne gyaran.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Bari in haɗa ƙararrawa mai batir. Ana ɗauke wuta za ta yi kuka a shago. Kowa ya samu nasa."

"Ka ji mai hankali," in ji Baba Direba, ya lumshe ido. "Je ka."

Ya koma teburinsa yana haɗawa, dalma na ɗiga inda bai sa ta ba. Sau biyu yana kwancewa yana sakewa. Da ƙararrawar ta yi kuka yadda yake so, ya ɗauka da sauri ya fito, yana zuwa ƙofar gidan ya ji salatin mata.

Iya na zaune a bakin gado, ta riƙe ƙafar mijinta ta cikin mayafin da aka lulluɓa masa. Ba ta kuka. Rediyon na kan kujera inda ta ajiye shi, ba wanda ya tuna ya kashe, wani mutum na bayani a kan farashin taki.

"Wuta aka ɗauke?" ta tambaye shi.

"A'a, Iya. Ga inji nan yana aiki."

"Ruwa kawai na je ɗebo masa." Ta dubi injin, ta dubi rediyon. "Da ka cire zoben, da na ji wani abu?"

"Da ba ki ji ba, Iya. Injin kaɗai rediyon ke ji."

Ta gyaɗa kai kamar ta gane, amma idonta bai bar rediyon ba. Wata maƙwabciya ta ce a kashe abin nan haka. Mai Gyara ya ajiye ƙararrawar a ƙasa, ya miƙa hannu ya danna makunnin injin. Gurnanin ya tsaya. Mutumin cikin rediyo ya ci gaba da maganarsa, murya tar, ko gezau bai yi ba.