Sifikun Kujerar Baya

Sati uku Auta ta yi tana zaɓen sifika biyu, har Umma ta ce ko miji ba a yi wa wannan bincike. Na ƙofofin bayan motar Baba take nema, domin a baya yake zama duk Talata da Alhamis idan yayanta zai kai su asibiti wajen gashin ƙashi. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kunnen wannan gefen ma ya yi nauyi. A gida da sauƙi, yana kara ƙaramin rediyonsa a kunnen dama. A mota kuwa hannun mai lafiya guda ɗaya ne, kuma da shi yake riƙe mariƙin saman ƙofa saboda ramuka. Sifikun baya sun daɗe da mutuwa, a gaba ma guda ɗaya ce ta rage, ita ma sai ka ce an rufe ƙuda a gwangwani. Haka labaran ƙarfe goma ke wuce shi a hanya, mutumin da ya yi shekara talatin yana koyarwa bai taɓa bari labari ya kwana bai ji ba.

Kwanan nan ya fara cewa gashin nan wahala ce kawai. Auta ta san in ya daina zuwa, ƙafar da ta fara motsi za ta koma gidan jiya. Ta yi tunanin in yana jin labarai a hanya, ba zai riƙa ganin nisan tafiyar ba.

A layin masu gyaran mota akwai mai haɗa rediyo da ake ce wa Kunne, saboda ba ya duba rubutun jikin kwali, saurare yake yi. Ran farko Auta ta wuce shagonsa sau biyu kafin ta iya yin sallama. Ta miƙa masa zaren da ta auna ramin ƙofa da shi, ya yi dariya ya ce inci shida da rabi ke nan, amma tun da yake bai taɓa ganin wanda ya zo da zare ba. Da ta faɗa masa abin da ke hannunta da wanda za a yi wa aikin, sai ya ture manyan kwalayen gefe. Ya ce waɗannan na samari ne, masu so ƙirji ya ji kafin kunne. Tsoho murya yake so, kuma murya ba ta da tsada. Ya ɗauko wasu na hannu da aka cire daga motar da ta yi hatsari, ya taɓa musu ƙaramin batir, ta ga fatar tana tasowa tana komawa ba gargada. Ta kunna labaran da ta naɗa a wayarta, suka gwada kala huɗu. Ta koma sau uku tana toshe kunnen hagu da yatsa tana saurare, kafin ta tsaya a kan guda biyu.

Ran Asabar tana da aiki a kantin maganin da take sayarwa, sai ta ba Yaya makulli da ambulan ɗin kuɗin da takardar da ta rubuta: ƙofofin baya, hagu da dama. Ya ce an gama, ranki ya daɗe, injiniyar gidanmu.

Da la'asar, tana wanke wa Baba kofi, ta ji gilashin taga yana rawa. Ta fito ta tarar da Yaya a bakin ƙofa, ya buɗe ƙofofin mota huɗu, maƙwabta biyu na tsaye suna gyaɗa kai. Ta shiga baya ta zauna a wurin Baba, ta kai kunne jikin ƙofa. Shiru. Dukan da take ji daga bayan kujera yake fitowa, yana ratsa mata ƙashin baya. Sifikunta biyu kuwa ga su can a ƙofofin gaba.

Ta zagaya ta buɗe but. Wani baƙin akwati ne ya cika shi daga wannan gefe zuwa wancan, da ƙatuwar sifikar da ake ce wa wufa a tsakiya, an ɗaure shi da noti huɗu. Nan ne ake naɗe keken da ake tura Baba a kai a saka.

“Yaya, keken fa?”

“Ke dai ba kya iya cewa an gode? Na ƙara nawa a kai fa. Ji sauti, Auta, ji sauti.”

“Na ji. Keken nake tambaya.”

Ya ce za a san yadda za a yi, ya juya yana nuna wa maƙwabtan wani maɓalli.

Ran Litinin ta nemi izinin awa ɗaya ta tafi wurin Kunne. Ta shirya maganganu a hanya, amma da ta isa sai ta tsaya tana kallon wayoyin da ke rataye a bango. Shi ya fara. Ya ce wallahi ya nuna wa yayan nata abin da ke rubuce a takardar, ya kuma tuna masa zaren. Amma yayan ya ce an canza shawara: tsohon ya daina fita, mota ta dawo hannunsa, daga farkon wata zai fara ɗaukar fasinja ta waya, kuma fasinja na yanzu kiɗa suke so. Kunne ya ce har addu'a ya yi wa tsohon, ya ɗauka jikin ne ya tsananta.

Auta ta ce a'a, jiki da sauƙi. Ta yi masa godiya kamar wadda aka yi wa kyauta, ta fito.

Ta sami Umma a kicin tana yanka albasa. Da Auta ta tambaye ta, Umma ba ta yi musu ba. Ta ce sun zauna tun watan jiya, ita da Yaya da Kawu. Wata takwas ana gashi, abin da aka samu yatsun ƙafa ne ke motsi. Yaya kuma shekara biyu ba aiki, ga mata ga yara, ga mota tana kwana a rumfa. Za a ce wa Baba likita ya ce ya huta.

“Tun watan jiya,” in ji Auta. “Kina kallona ina yawo da zare.”

“To me zan ce miki?”

“Da an kira ni zaman.”

“Ke kuka za ki yi,” Umma ta ce, ta goge ido da bayan hannu. Auta ba ta san ko albasar ce ba.

Ba ta yi kukan ba. Ta wuce falo, ta zare makullin daga ƙusar da ake rataye shi, ta jefa a jakarta.

Ran Talata ƙarfe tara da rabi ta tura Baba har bakin mota. Rabonta da tuƙi tun shekarar da ta karɓi lasisi. Ta ja kujerar gaba baya iyakarta, ta sa kafaɗa a hammatarsa kamar yadda ta ga masu gashi suna yi, ta zaunar da shi, ta ɗaga masa ƙafar hagu ta shigar. Keken ta naɗe ta cusa a kujerar baya a karkace, taya ɗaya ta tokare gilashi, ƙarfen ya yage mata hannun riga. Yaya ya fito yana ɓalla maɓallin riga, ya leƙa gaba ya leƙa baya, babu wurin zaman mutum na uku. Ya buɗe baki, sai ya ga Baba na kallonsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Motar ta mutu mata sau biyu kafin su hau titi. Ta lalubo inda ake kashe wufar ta kashe. Ƙarfe goma daidai mai karanta labarai ya yi sallama, muryarsa ta fito tas daga ƙofar da ke jikin gwiwar Baba, sifikar da ta zaɓa da kunne ɗaya a toshe. Baba ya saki mariƙin ƙofa. Ya kasa kunne har aka gama kanun labarai, yana gyaɗa kai, har da tsaki a labari na uku kamar yadda yake yi da.

“Wa ya yi wannan aiki?” ya tambaya, harshensa na ɗan ja.

Auta tana kallon wata babbar mota a madubi. “Yaya ne ya kai ta ran Asabar.”

“Allah ya yi masa albarka. Yaron nan yana tunawa da ni.”

Ta ce amin. Tayar keken tana buga gilashin baya duk ramin da suka shiga. Baba ya ce ta ƙara masa kaɗan, sannan ya tambaya ko ran Alhamis ma ƙarfe goman za ta same su a hanya. Ta ce za ta same su, ta miƙa hannu ta ƙara.