Ɗan Kokowa na Tagulla

Ranar da Isaka tela ya shigo gida da abin nan naɗe cikin takardar siminti, matarsa Balkisa ta ɗauka hatsi ya auno, har ta miƙe za ta ɗauko ƙwarya. Da ya warware takardar sai ga mutum-mutumin tagulla, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ƙato ne ya ware ƙafafu ya miƙa hannuwa, ƙirjinsa cike da layu, kunnensa na dama a tsage.

"Mene ne wannan, Malam?"

"Zailani na Kadi ne."

"Cewa na yi mene ne, ban ce wane ne ba."

A shekarar nan ruwa ya ɗauke tun hatsi bai kai gwiwa ba. Soja na da shekara goma a kan mulki, Yamai kuwa ta cika da mutanen ƙauye masu neman abin sawa a baki. Ɗinki ya tsaya cak, don wanda bai ci ba ba ya tambayar kuɗin shadda. Ana cikin haka mahaifiyar Isaka, Inna Hawwa, ta aiko daga ƙauyensu can bayan Dogonduci cewa rumbu ya ƙare, ganye suke dafawa. Isaka ya sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkinsa biyu, ya nufi kasuwar Katako don ya sayi buhun hatsi, ya ba kamiyo, babbar motar kayan da ke tashi ƙauyen ranar Juma'a. To, buhun ne wannan da ke tsaye a kan tabarma yana miƙa wa Balkisa hannuwa.

Abin da ya faru shi ne, hanyar masu hatsi ta bi ta gaban rumfar Abdulaye mai zubin tagulla. Isaka kuwa, in dai kokowa ce, ba ya ji ba ya gani. Bai taɓa zuwa filin gasa ba, amma shekara da shekaru kunnensa na manne da radiyo, kuma a duniya ba shi da gwani kamar Zailani na Kadi, wanda aka tsaga masa kunne a tsakiyar karo bai saki abokin kokowarsa ba sai da ya kai shi ƙasa. Abdulaye ya ga yadda ya tsaya baki buɗe, ya jawo shi inuwa. Ya ce biyar kacal ya zuba irin wannan, ya fasa ƙasar zubin. Biyu anasara sun tafi da su, ɗaya na falon wani kwamanda, ɗaya ya tafi Maraɗi. Wannan da ya rage kuwa Alhaji Oumarou mai kamiyoyi ke nemansa ruwa a jallo, ya yi tafiya Gaya, ranar Alhamis zai dawo, kuma zai biya ninki uku ko tayi ba zai yi ba.

"Kin gani," in ji Isaka, "Alhamis in sayar, Juma'a Inna ta samu buhu biyu, mu ma mu samu ɗaya."

Balkisa ta daɗe tana kallon abin. "In Alhajin zai biya ninki uku ranar Alhamis, me ya hana shi Abdulayen ya jira Alhamis?"

"Yana da buƙatar gaggawa."

"Mu ba mu da ita ke nan." Ta tattara zanenta. "Ka fitar mini da gunkin nan daga ɗaki, a nan nake salla."

Isaka ya kai shi shagonsa da ke bakin gudiro, wato titin kwalta, a unguwar Bukoki, ya ɗora a kan kantar yadi wadda ta daɗe babu yadi a kanta. Amma tambayar Balkisa ta bi shi har can. Ya ɗaga abin ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa shi da almakashi ya saurari ƙara, ya kankare ƙarƙashin ƙafar da allura ko zai ga dalma. Tagulla ce dai. Ya aika saƙo garejin Alhaji Oumarou cewa akwai kaya na jiransa, sannan ya zauna yana ƙirga kwanaki.

Ranar Litinin mutumin ya ɓullo. Dogo ne, kafaɗunsa masu faɗi amma babu nama a kansu, riga ta rataya a jikinsa kamar an shanya ta a kan danga. Ya yi naɗi da tsohon rawani wanda ya rufe masa kunnuwa da haɓa. Ya tsuguna a gindin itacen bedin da ke tsallaken hanya, daidai ƙofar shagon. Bai roƙi kowa ba, bai yi wa kowa magana ba. Idonsa na kan kanta.

Wanda bai zauna Yamai a zamanin nan ba zai ce mene ne a ciki. Akwai abu a ciki. Lokaci ne da in mutum zai ce hatsi ya yi tsada sai ya waiga tukuna. Wanda ya zauna shiru kusa da majalisa, ko dai mayunwaci ne, ko ɓarawo, ko kunnen gwamnati, kuma duka ukun rawani ɗaya suke naɗawa. Isaka ya fara lissafi a ransa. Ko akwai wata doka a kan sayar da tagulla wadda bai sani ba? Ko wanda ya sayi kekensa ne ya kai ƙara? Ya gyara hoton shugaban ƙasa da ke bango, ya share masa ƙura, ya rage muryar radiyo.

Talata mutumin ya dawo, wuri ɗaya, tsugunno ɗaya. Mai koko ta miƙa masa sauran da ke gindin roba, ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya mayar da ido kan kanta. Isaka ya yanke cewa ba kunnen gwamnati ba ne, don su ba sa lashe ludayi haka. Ɓarawo ne. Ko fita alwala zai yi sai ya sa wa shagon kwaɗo.

Laraba da hantsi sai mutumin ya tsallako.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, maigida."

"Amin alaikumus salam. Ba a ɗinki yau."

"Ba ɗinki na kawo ba. In ka yarda, in ga wancan kusa."

Isaka ya tsaya tsakaninsa da ƙofa, ya sauko da abin amma bai sake shi ba. Mutumin ya sunkuya. Hannuwansa manya ne, yatsu a karkace. Ya shafa layun ƙirjin ɗaya bayan ɗaya, ya yi ɗan murmushi, ya kai yatsa kan kunnen.

"An yi ƙoƙari," ya ce. "Sai dai kunnen. Na hagu ne ya tsage."

"Kai ka san Zailani na Kadi?"

"Na san shi."

"Ni shekara nawa ina bin kokowarsa. Wanda ya zuba wannan da idonsa ya gan shi."

"Bai gan shi ba," mutumin ya faɗa a hankali. "Nawa ka saya?"

Isaka bai san abin da ya sa ya faɗa masa ba. Mutumin ya sake duban tagullar, ya ce, "Buhu guda ke nan." Ya yi sallama ya koma gindin bedinsa.

Nan fa ran Isaka ya ɓaci, tsoro kuma ya shige shi, don maganar ta taɓa inda yake masa ciwo. Sai ya ga ya gane komai. Wannan ba ɓarawo ba ne, turo shi aka yi. Wani dillali ya ji labarin cinikin, ya sa a zo a kushe kayan, gobe kuma a tare Alhaji a ƙofa a raɗa masa zancen kunne, farashi ya faɗi, su saye a banza. Inna na can tana dafa ganye, wani ɗan iska mai rawani zai zo ya ɓata masa ciniki? Wallahi ba zai yiwu ba.

A makonnin nan an ba da umarni a riƙa kwashe masu gudun fari da ba su da takarda, a tara su a filin Bobiyel, inda a lokacin babu gini sai ƙaya, daga can a mayar da kowa jiharsa. Akwai wani polis da ke shan shayi kowace safiya a teburin da ke kusa da shagon. Alhamis da sassafe Isaka ya je ya zauna kusa da shi, ya biya masa shayin har da burodi.

"Shef, ba wai ina sa baki cikin aikinku ba ne. Wancan na gindin bedi, kwana huɗu ke nan yana leƙen shaguna. Ban ce ya yi wani abu ba."

Kafin rana ta yi zafi mota ta tsaya, aka yi wa mutumin magana biyu, ya tashi ya hau babu gardama. Isaka ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya goge tagullar da lemun tsami da toka har ta yi ƙyalli.

Alhaji Oumarou ya iso bayan azahar. Mutum ne mai jiki, wanda ya kashe dukiya wajen yi wa 'yan kokowa kari, kuma ya san su ɗaya ɗaya. Ya ɗauki mutum-mutumin, ya juya shi sau ɗaya, ya fashe da dariya.

"Abdulaye ne, ko? Biyar kacal, ya fasa ƙasar zubi? Kai ne na huɗu da ya aiko mini saƙo cikin watan nan, ɗana. Duba kunnen. Hoton jarida ya kalla, wanda aka buga a juye. Ina gaban fili ranar da aka tsaga kunnen nan, jinin har kan rigata. Na hagu ne."

Isaka ya ce, "Alhaji, ko kuɗina ne ka mayar mini. Uwata ce ke jira."

"Me zan yi da shi? In ka kai wa masu awon ƙarfe za su ba ka kuɗin hatsi tiya uku." Alhaji ya ajiye abin, dariyar ta bar fuskarsa. "Ni ba na ƙarfe nake nema ba, mai shi nake nema. An ce shanunsa sun mutu ƙaf, ya shigo Yamai da ƙafa, kuma kunya ta hana shi zuwa wurin kowa. Mako biyu ina sa a duba mini tasha da masallatai. Na yi rantsuwa duk wanda ya kawo mini Zailani, buhu biyu ne nasa. In ka ga wani dogo yana ɓoye kunne, ka san garejina."

Isaka bai ko rufe shagon ba. Ya tare taksi, ya ce Bobiyel, direban ya ce gudiro bai kai can ba, ya sauke shi a ƙarshen hanya, ya ƙarasa da gudu cikin yashi.

Kamiyoyi uku ne a filin, biyu sun riga sun cika. Ana jera mutane ana duba su kafin su hau. Isaka ya hango mai rawanin a layin ƙarshe, ya fi kowa tsawo. Wani soja ya ce ya kwance rawanin a ga fuskarsa. Ya kwance a hankali, ya naɗe shi a hannu. Kunnen hagu ya rabu biyu tun daga sama har ƙasa, tsohon tabo ya yi fari.

Isaka ya kutsa har gaban teburin da ake rubuta sunaye. Polis ɗin safe ne ke zaune a wurin.

"Shef, don Allah, wancan dogon. Ɗan'uwana ne, a gidana yake. Ni zan tsaya masa."

Polis ɗin ya ɗago, ya dube shi sama da ƙasa. Bai rage murya ba. "Ba kai ne tela ba? Kai da bakinka ka nuna mana shi da safe, ka ce yana leƙen shaguna. Yanzu ya zama ɗan'uwanka? Wasa kake da hukuma? Matsa, ko ka hau tare da shi."

Isaka ya matsa. Ya so ya ɗaga murya ya faɗi sunan, ya ce jama'a, Zailani na Kadi ne wannan, amma sojan na kallonsa da bindiga a kafaɗa, sai ya fasa. Kunya ta rufe shi har bai san inda zai sa idonsa ba.

Zailani ya ji komai. Ya kama ƙarfen kamiyon da hannu ɗaya ya ɗaga kansa sama, ba wanda ya taimaka masa. Da ya samu wurin tsayawa ya juyo ya dubi Isaka. Babu fushi a fuskarsa, kuma da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ya taɓa kunnen da yatsa.

"Ka gani, maigida," ya ce. "Na hagu ne."

Aka ɗaga murfin baya, kamiyon ya tashi.

Juma'a da safe Isaka ya kai tagullar wurin masu awo. Rumfar Abdulaye na rufe, maƙwabtansa suka ce ya tafi ta'aziyya, ba su san ranar dawowa ba. Alhaji bai yi kuskure ba, tiya uku aka samu. Ya auno su ya kai wa Balkisa. Ta zazzage hatsin cikin tsohon zanenta, ta ƙara da tiya ɗaya daga na gidan, ta ƙulle bakin tamau.

A tasha direban kamiyon ƙauye, wanda ya san Inna Hawwa tun yana yaro, ya karɓi ƙullin da hannu ɗaya ya jijjiga shi. Ya leƙa bayan Isaka yana neman mai amalanke.

"Tsohuwa ta ce buhu za ka aiko. Me zan gaya mata?"