Jarkar Hedimasta

Hedimasta ya dire jarkar a kan teburin ɗakin gwaji, ya gyara wuyan riga kamar mai miƙa rahoton ƙarshen shekara. Autarsa, wadda ke aiki a ɗakin, ta ɗaga jarkar ta girgiza. Ko kwata ba ta kai ba.

"Baba, wannan ne fitsarin awa ashirin da huɗu?"

"Shi ne. Dubi yadda yake garau."

Wata guda ke nan da hoton asibiti ya nuna ɗan ƙullutu a 'yar tsokar da ke saman ƙodarsa, mai sarrafa sinadaran jiki. Likita ya ce kafin a yi maganar wuƙa, injin ɗakin su Auta zai karanta ɗaruruwan sinadaran da tsokar ke zubarwa cikin fitsari, ya gwada da na sauran jama'a. In sun yi daidai, a bar ƙullutun ya yi zamansa. In sun bambanta, sai tiyata. Shi kuwa Hedimasta, da ya shekara talatin yana sa yara rawar jiki, ko allura ya gani sai gumi ya karyo masa.

"Sauran fa?" in ji Auta.

Ya yi gyaran murya. "Na asuba ya yi duhu, ban yarda da shi ba. Na bayan la'asar ma haka. Masu kyau na zaɓo."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba! Wato yadda kake ɓoye daƙiƙan aji ranar zuwan sufeto? Ai daƙiƙan nan su inji yake nema. Gobe a sake, kowa ya shigo aji."

Ya ɗauki sabuwar jarka yana ƙunƙuni. Ya cika ta kuwa, baƙi da fari.

Bayan mako biyu suka zauna gaban likita. Auta tana gefen babanta.

Likita ya juya takarda ya ce, "Malam, babu abin da ya bambanta ka da kowa. Tsaka-tsaki kake."

Sau nawa Hedimasta ya rubuta wa ɗalibai wannan kalma da jan biro, har da layi biyu a ƙasa? Ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa.

"Auta," ya ce a hankali, "nemo mini firam, in rataye ta a bango."